Ƙoshin Gaggawa Ma Yana Kisa

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, tun daga Kawo har Tudun Wada, ku ba mu aron kunnuwanku. Kowa ya san yunwa tana kisa. To, ƙoshin gaggawa bayan doguwar yunwa shi ma yana kisa, kuma sau da yawa da hannun masoyi yake yi.

Ba mu manta da fasinjojin jirgin ƙasa da aka sace a hanyar Kaduna ran 28 ga Maris 2022 ba, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai watan Oktoba. In mutum ya dawo daga daji a rame haka, ko tamowa ta ƙanjame yaro, abin da dangi kan fara yi shi ne a tuƙa tuwo, a dama fura da sukari, a ce masa ci ka ƙoshi. Niyya ce mai kyau, amma akwai hatsari a ciki.

Likitoci sun daɗe suna gwada wannan al'amari a jikin ɓeraye. In aka hana ɓera abinci, cikin kwana guda sukarin da hanta ta ajiye ya ƙare. Sai jiki ya koma cin kitsensa, daga nan ya faɗa wa tsokarsa. Hanta ta motse, hanji ya yi siriri. Haka ɗan Adam yake, har zuciyarsa takan rage ƙarfi, gishirin jikinsa irin su fosfet da fotasiyam su yi ƙasa.

Ran da aka cika wa mai wannan hali ciki da tuwo, sai sinadarin insulin ya tashi gaba ɗaya, ya kwashe ɗan gishirin da ya saura cikin jini ya kai cikin tsoka. Sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, bugun zuciya ya rikice. Yawanci cikin kwana biyar na farko abin yake faruwa.

Akwai shaida kusa da mu. Lokacin babban farin nan, wani likita mai suna Murray da abokan aikinsa sun lura da wani abu a asibitin gabashin Nijar, suka buga shi a 1975. Cikin majinyata 72 da 'yan rakiya 109 da suka zo da yunwa aka ba su abinci, an sami 74 da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, akasari a kwana na biyar. Sun ga ƙarfen da ke cikin jininsu ya hau, suka yi zaton shi ya ciyar da ƙwayar cutar. Suka yi wa ɓeraye allurar ƙarfe, gwajin ya goyi bayan zatonsu.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa yaro mai tamowa mai tsanani da madara marar nauyi da ake kira F-75, kaɗan kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, kada kuma a ba shi maganin ƙarin jini sai ya fara murmurewa.

Shawararmu ga jama'a ita ce, wanda ya yi kwanaki bai ci ba, a kai shi asibiti tukuna, Barau Dikko ko wanda ya fi kusa. Kafin a isa, a ba shi ɗan kunu ruwa-ruwa, a huta, a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga gwamnati kuwa, muna cewa rabon buhun shinkafa gaban masu ɗaukar hoto bai isa ba. Tilas ne a ajiye madarar nan a kowane asibitin unguwa kyauta, a koya wa ma'aikata yadda ake ba da ita, a kuma kwantar da duk wanda aka ceto daga daji, likita ya duba shi kafin a sallame shi. Wannan haƙƙin talaka ne, kuma ba za mu daina tambayarsa ba.

Allah ya raba mu da yunwa, amin.