Ɗalibanmu a Sudan: Shekarar Share Fage Ba Asara Ba Ce

Shekara da shekaru 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙwanni suna tura 'ya'yansu karatu Sudan, musamman Jami'ar Musulunci ta Umdurman da Jami'ar Afirka ta Khartum, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci a 1977, ta zama jami'a a 1992. Sai dai akwai matsalar da iyaye ba su cika lura da ita ba, wato rubutu.

Yaro zai taso da Hausa a gida, ya yi sakandare da Turanci ko Faransanci, ya haddace Alƙur'ani, sannan ya tarar da jami'ar da ake karatu da Larabci, domin tun 1990 gwamnatin Sudan ta mayar da yawancin karatun jami'a zuwa Larabci. Cikin wata uku zai iya ciniki a Kasuwar Libiya ta Umdurman da Larabcin titi, uba ya ji shi a waya ya ce ai yaro ya ƙware. Amma ran jarrabawa Larabcin littafi ake so, shafi uku ko huɗu, a jera hujja bayan hujja. A nan ne masu ƙwaƙwalwa da yawa ke faɗuwa.

Shi ya sa Jami'ar Afirka ta ware sashen koyar da Larabci ga baƙi kafin su shiga tsangaya. Rubutu kuwa ba ya samuwa da sauraron lacca. Sai an yi shifta, an rubuta insha'i kowane mako, malam ya bi da jan biro, ɗalibi ya sake rubutawa. Wannan yana buƙatar ƙaramin aji da malami mai haƙuri.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lamarin. An kwaso ɗaliban Nijeriya ta Masar da Port Sudan, karatu ya katse, malamai sun watse. Ko da sojoji suka ƙwato Khartum a Maris 2025, hannun da ya daɗe bai riƙe alƙalami ba sai an sake horar da shi.

Don haka, Alhaji, kafin ka biya kuɗin makaranta, a Sudan ne ko a gida, tambayi ko akwai ajin share fage, da yawan ɗaliban da ke cikinsa, da wanda ke duba rubutunsu. Kada ka matsa wa yaro ya tsallake wannan shekara don ragin kuɗi; araha ba ta ado. Wanda ya faɗi a aji biyu, kuɗin shekara biyu ya tafi.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya ba yaranmu ilimi mai amfani.