Ra'ayinmu: Sashen Kemistiri Ba Zauren Jira Ba Ne

Sanin kowa ne cewa duk shekarar da jami'a ta ɗauki sababbin ɗalibai, da yawa daga waɗanda suka sami kansu a sashen kemistiri, watau kimiyyar sinadarai, ba shi suka nema ba. Likitanci suka nema, ko ilmin harhaɗa magunguna, makinsu bai kai ba, ko kuwa ya kai amma gurbi ya ƙare, aka turo su nan. Sai ka ga yaro jikinsa na ɗakin lacca, hankalinsa kuwa na kan takardar neman canjin sashe, ko kan sake zauna jarrabawar JAMB baɗi. In an tambaye shi a gida abin da yake karantawa sai ya amsa ciki-ciki, kamar wanda aka kama da laifi. Iyaye kuma tambayarsu ɗaya ce: "To, in ka gama me za ka zama?" Tambayar tana bisa hanya, ita muke son amsawa. Amma kafin mu zo ga albashi, bari mu tuna wa 'yan'uwa ɗalibai abin da ya auku a Zamfara.

A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Daga amai sai jijjiga, daga jijjiga sai suma. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ɗebi jinin wasu yaran suka aika Turai aka auna, kana aka gane gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa a yankin suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gida a daka a turmi, ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙura ta bi tsakar gida, mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Likita yana da maganin da ke janye dalma daga jini, amma aikin banza ne in za a mai da yaro gidan da ƙasarsa ke da guba. Tilas aka bi gida gida ana auna ƙasa, a kankare wadda ta gurɓata, a zuba sabuwa, a sake aunawa. A Bagega wannan aiki bai samu ba sai 2013. A 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Ka'idar auna dalma a jini, ko a ƙasa, ko a ruwan rijiya, tana cikin manhajar digirin farko na wannan sashe da ake rainawa. Ashe ke nan a ranar da mutanen Zamfara suka buƙaci sanin abin da ke kashe musu 'ya'ya, mai awo suke nema, ba a same shi kusa ba.

Haka zancen yake a maganin ruwa na yara. Akwai wani sinadarin masana'antu mai suna dayetilin gilaikol, marar launi, mai kauri, mai ɗan zaƙi, wanda ido ba ya bambanta shi da ruwan da ake narkar da magani a ciki, ga shi kuma ya fi araha. In yaro ya sha, ƙodarsa ce ke mutuwa. Ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan a 1990, ya kashe 84 a ƙarshen 2008 da farkon 2009 ta hanyar wani maganin fitar haƙori, ya kashe kimanin 70 a Gambiya a 2022. Duk sau ukun, da an gwada gangar sinadarin kafin a zuba ta a tukunyar haɗi, da ba a kai ga makoki ba. Ko wakenmu, da ƙasashen Tarayyar Turai suka dakatar da sayensa a 2015, awo ne ya nuna musu ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zubawa a buhu.

To, mene ne ɗalibi ke koyo a shekara huɗun nan? Yana koyon halin kabon da dangoginsa, waɗanda daga cikinsu ake samun man fetur, da roba, da rini, da akasarin magunguna. Yana koyon ƙarafa da ma'adinai. Yana fama da lissafin zafi da saurin haɗuwar sinadarai, wanda shi ke kada mutane da yawa a aji biyu, domin an shigo ana zaton an rabu da lissafi. Sa'an nan yana koyon awo da tantancewa, ya tsaya gaban bututun gilashi yana sakin ruwa ɗigo ɗigo har launi ya juya, ya rubuta abin da ya gani ko da bai yi daidai da na littafi ba. Mu a ganinmu wannan na ƙarshe shi ne zuciyar karatun. Kada kuma wani ya ɗauka baƙon ilmi ne a ƙasar Hausa. Marinin Ƙofar Mata ya san in ya jiƙa baba da ruwan toka ya bari ya kwana biyu, zane zai fito daga karofi kore-kore, sai iska ta taɓa shi ya koma shuɗi. Majemi ya san aikin bagaruwa a fata. Abin da ya bambanta su da kamfanin BASF na Jamus, wanda ya fara sayar da baban roba a 1897 ya karya kasuwar manoman baba na Indiya, shi ne can an gano dalilin juyawar launin, aka auna, aka rubuta.

Sai batun aiki. Babu matatar ruwan sha, daga Tamburawa da Challawa a Kano har zuwa ta ƙaramin gari, da za ta yi aiki daidai ba tare da wanda zai ƙayyade yawan alif da kulorin ba, musamman da damina in ruwa ya yi laka. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato da na Ashaka a Gwambe suna auna abin da ke shiga tanderu da abin da ke fita dare da rana. Akwai masana'antar takin yuriya ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, da matatar mai da ke kusa da ita. Akwai hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, da hukumar ingancin kayayyaki ta SON, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, da cibiyar fata ta Samaru, duka biyun a Zariya. Akwai kuma masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, inda ruwan kuromiyam ke buƙatar mai tace shi kafin ya isa lambun da muke cin latas ɗinsa.

Ba za mu yaudari kowa ba, guraben nan ba su kai yawan masu digiri ba. Akasarin masaƙun Kaduna da suka riƙa ɗaukar masu wannan ilmi sun rufe tuni. Da yawa daga cikinmu allo da alli ne zai karɓe su bayan hidimar ƙasa, kuma mu ba mu ga abin kunya a nan ba, tun da duk likitan da ake alfahari da shi wani malamin kemistiri ne ya fara dasa shi a sakandare. Wasu za su kafa nasu, sabulu, ko fenti, ko tace man gyaɗa da man kaɗe. Amma duk inda gurbi ɗaya ya fito mutum ɗari suka nema, wanda hannunsa ya san kayan aiki shi za a ɗauka.

A nan ne kukanmu yake. Ba a koyon iyo a tudu. Digirin kemistiri da aka yi shi da alli kaɗai, inda ɗalibai goma sha za su kewaye bututu ɗaya, mutum guda na ɗiga ruwa saura na kwafe lamba, digiri ne na takarda. Mafi muni ma shi ne ɗabi'ar kwafar sakamakon 'yan bara a miƙa wa malami. Wanda ya saba rubuta lambar da bai auna ba yana ɗalibi, shi ne gobe zai sa hannu a takardar shaidar gangar da bai buɗe ba. Muna kira ga 'yan'uwa su daina wannan, kuma su daina mai da watannin horon sanin makamar aiki lokacin hutu, a je a sa hannu a littafi a dawo gida. A nemi wurin da ake awo na gaske, ko da babu ko kwabo na alawus.

Ga hukumar jami'a, muna roƙon a riƙa bayyana wa ɗalibai yadda aka kashe kuɗin ɗakin gwaje-gwaje da suke biya kowace shekara, a kuma ba ɗakunan nan wuta da ruwa kafin ofisoshi. Ga yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, musamman waɗanda fayil ɗin sayen kaya ke bi ta teburinsu a ma'aikatun ruwa, da lafiya, da ilmi, muna tuna musu cewa alif da kulorin da kayan gwaji ba sa jiran sa hannu. Wasu sinadaran ma suna lalacewa a sito tun takardar rabonsu ba ta bar hawa na biyu ba.