Majami'a biyu a ƙauye ɗaya: wa zai ɗauki makara?

Wanda ya saba bin hanyoyin karkara tsakanin Maraɗi, Tsibiri da Agye ya san irin ginin: ɗakin laka mai tsawo, rufin kwano, wani lokaci da tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a itace, wanda ake bugawa da safiyar Lahadi. Majami'ar ƙauye ke nan. A ciki akwai benci kaɗan da tabarmi, maza gefe, mata gefe, ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ana waƙa da Hausa. Masu sujadar manoman hatsi da wake ne kamar maƙwabtansu Musulmi, sau da yawa ma kakansu ɗaya.

Abin da ke neman zama ruwan dare shi ne a tarar da irin wannan gini guda biyu a gari ɗaya, kowane da allon sunansa, alhali gidajen Kiristocin garin ba su isa su cika ko ɗaya ba. Wannan al'amari ya cancanci a tsaya a kansa, har ga mai karatun da bai taɓa taka ƙofar majami'a ba.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ƴan shekaru bayan haka ya kafa zango a Tsibiri. Ya buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya na kutare a Danja. Da ƙasa ta samu ƴancin kai a 1960, Kiristocin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu ƙarƙashin inuwa guda, wato EERN. Inuwar ta yi kusan shekara talatin kafin ta tsage. Wajajen 1990, daidai lokacin da guguwar dimokuraɗiyya ta kaɗa har ta kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, ikilisiyar ta rabu gida uku: EERN, UEEPN da ta Salama. Littafi ɗaya suke karantawa, baftisma ɗaya suke yi. Rigimar ta shugabanci ce, da ta dukiya, da ta yadda za a zauna da mishan. Bayan haka sababbin ɗariku masu zafin wa'azi suka shigo, wasu daga Najeriya, kowace da nata lasifika.

A birni, rabuwa abu ne da ake iya jurewa. Ma'aikacin gwamnati a Yamai yana da albashi, yana da babur ko mota; in ya ɓata da fastonsa sai ya sake unguwa ranar Lahadi, tuwon gidansa bai ragu ba. A ƙauye kuwa majami'a ita ce asusu, ita ce kotu, ita ce dangi. Bayan girbi ana kawo baikon godiya dammuna dammuna, a zuba a rumbun ikilisiya. Daga nan ake ciyar da fasto ko mai bishara, wanda shi ma manomi ne, daga nan kuma ake auna wa gwauruwa tiya biyu ko uku idan damana ta yi nisa, rumbunan gida sun yi ƙasa. Ranar gayya matasa ke nome gonar tsohon da ƴaƴansa suka tafi cin rani. Zumuntar mata, wadda a gaskiya ita ke riƙe da ginin ko da yake maza ke zama a kujerun dattawa, ita ke kai ruwa da itace gidan mai jego, ita ke tara kuɗin motar da za ta kai mara lafiya Galmi. Ranar mutuwa kuma ana buƙatar masu haƙa kabari da masu ɗaukar makara. Gida goma sha biyar suna iya wannan duka da ƙyar. In aka raba su takwas da bakwai, kowane ɓangare ya ɗauki nauyin fastonsa da rufinsa, rumbu biyu za a samu, dukansu wayam.

Akwai kuma maganar aure, wadda shugabanni ba su cika ambatonta a taro ba. Bisa ƙidayar 2012, Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba. Saurayin ƙauye da ke neman mata a cikin addininsa dama zaɓinsa kaɗan ne. Idan aka ƙara masa da cewa ƴar gidan wane ta wata ɗarika ce, faston nan ba zai ɗaura auren da na can zai halarta ba, an tura shi birni ke nan, kuma wanda ya tafi ba safai yake dawowa ba.

Masu kare rabuwa suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa ƴancin kafa ƙungiya haƙƙi ne da aka sha wuya kafin a samu, kuma akwai dattawan da suka mai da kujera gado, ba sa bayyana inda baiko ya shiga. Gaskiya ne. Amma maganin ma'ajin da ba ya ba da lissafi shi ne a karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata, a kuma ƙayyade wa'adin shugabanci. Ƴan kasuwa sun san wannan: ba a rushe adashi don mutum ɗaya ya ci amana, ana sauya mai riƙon kuɗi ne. Kuma sau nawa rigimar ta samo asali a ƙauyen? Galibi daga birni take zuwa cikin mota, a hannun ɗan garin da ya yi karatu, ya samu abokai a ƙasashen waje masu son ganin hoton sabon gini. Kuɗin siminti ya fi saurin fitowa idan allon suna sabo ne. Musulmin waɗannan garuruwa ma sun ga irin haka da masallatansu a shekarun 1990, don haka babu mai yi wa wani dariya.

Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, masu zanga-zanga kan zanen jaridar Charlie Hebdo sun cinna wa majami'u wuta. Mutum goma suka rasu, ƴan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Masu wutar ba su tsaya karanta allon suna ba: ta Katolika ta ci, ta masu bishara ta ci. Waɗanda suka tsira a ranakun, da yawansu maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye su. A ƙauye wannan maƙwabtaka ita ce katanga, kuma mai gari ya fi sauraron jama'ar da ta zo masa da baki ɗaya a kan filin maƙabarta ko rijiya.

Akwai ƙawancen AMEEN da ke tara ikilisiyoyi da mishan mishan na bishara a matakin ƙasa, kuma abu ne mai kyau. Sai dai taron Yamai ba ya nome gonar kowa. Ba a ce ɗariku su narke su koma ɗaya ba. Abin da ake nema bai kai haka wuya ba. Inda majami'a take, kada a gina ta biyu sai ta farko ta cika. Inda an riga an gina, a haɗa rumbu, a haɗa gayya, fastoci su yarda da auren juna da jana'izar juna, a yi Kirsimeti a fili ɗaya. Ɗan garin da ke aiki a Yamai ko Tawa, in ya tashi aika kuɗi bana, ya fara tambayar tiya nawa ta rage a rumbu kafin ya tambayi farashin buhun siminti.