Ko akwai rai a duniyoyin TRAPPIST-1?

A shekarar 2017 ne masana ilmin taurari, a ƙarƙashin jagorancin Michael Gillon na Jami'ar Liege da ke Beljiyam, suka ba da sanarwar gano duniyoyi bakwai da ke kewaya wani ƙaramin jan tauraro mai suna TRAPPIST-1.

Haskensa kan yi tafiyar kimanin shekara 40 kafin ya iso nan.

Duniyoyin na duwatsu ne, girmansu kusan ɗaya da tamu, kuma uku daga ciki suna inda zafi ya daidaita, ta yadda ruwa zai iya kwanciya.

To sai dai ruwa ba ya zama a doron duniyar da iska ba ta lulluɓe ta ba.

A 2023, na'urar hangen nesa ta James Webb ta auna zafin biyun da suka fi kusa da tauraron, amma ba ta ga alamar iska mai kauri ba.

Masana na zargin cewa wutar da tauraron ke fesowa ce ta kore ta.

Akasarin taurarin da ke maƙwabtaka da rana irin wannan ne. Idan har sauran duniyoyin ma suka kasa riƙe iska, to wuraren da ake sa ran samun rai za su ragu ainun.