Mu Leƙa Duniya: Ruwan da ba ka ga saukarsa ba

A duwatsun Alp na ƙasar Suwizalan, masu yawon buɗe ido kan shiga kwazazzabai da igiya da hular kwano, suna bin rafi, nan su yi iyo, can su dira. Wasa ne mai daɗi, amma yakan ci rai. Ranar 27 ga Yuli, 1999, aka tafka ruwa a saman dutse, ambaliya ta gangaro kwazazzabon Saxetenbach kusa da Interlaken, ta halaka mutum 21. Dutse dama, dutse hagu, ina mafita?

Na kawo wannan ne saboda samarinmu na nan Kamaru masu zuwa kwazazzabon Kola, kusa da Guider, don ɗaukar hoto. Ruwan da ke cin mutum a kwazazzabo, can nesa yake sauka, kai kuwa kana cikin rana.

Don haka ku je da rani. Ku tambayi mutanen wurin, ku kuma sanar a gida. In ruwa ya fara gurɓacewa, ko kuka ji rugugi daga sama, ku haura nan take, ko takalmi kada ku tsaya ɗauka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.