Jingar Yaranmu: A Taimaka Musu, Amma Da Ƙa'ida



A unguwanninmu, daga Agege da Idi-Araba a Legas har Sabo ta Ibadan, yaro kan dawo makaranta da jinga ya tarar uba na kasuwa, uwa kuma aiki ya sha mata kai. Sai a tura shi wurin yaya ko maƙwabcin da ke jami'a. Shi kuma don ya sallame shi da wuri, sai ya karɓi biro ya rubuta amsa. Yanzu ma ba sai an nemi kowa ba, a ɗauki hoton tambaya da waya, ChatGPT ya zubo amsa. Yaro ya ciyo goma bisa goma, gida a yi murna. Mu a ganinmu an cuci yaron nan, kuma lokaci ya yi da za mu sa wa wannan taimako ƙa'ida.

Malami na bayar da jinga ne don ya gane inda ɗalibi ya gaza. Idan amsar wani aka kai masa, zai ɗauka an fahimta ya wuce gaba. Shi kuwa lissafi kamar gini yake. Wanda bai iya rabawa a firamare ba, aljebra za ta kayar da shi a ƙaramar sakandare. Ranar WAEC ko NECO babu yaya a ɗakin jarrabawa, ga shi jami'a na neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. JAMB kuma tun 2015 a kwamfuta ake zana ta. Yaron da ya saba a yi masa, a nan yake fara neman satar amsa, alhali dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadi tara da ɗauri, hukumomin kuma kan riƙe sakamako ko su soke shi.

Ga abin da muke kira ga duk mai taimakon yaro ya riƙe.

Na farko, yaro ya fara gwadawa. Ya zo da abin da ya rubuta ko da kuskure ne, ya nuna daidai inda ya maƙale.

Na biyu, a koya masa da wani misali. Idan an ba shi 3x + 5 = 20, a warware masa 2x + 4 = 10 mataki-mataki, sannan ya koma ya yi nasa muna kallo.

Na uku, insha'i da hannunsa zai rubuta. Mu tambaye shi, ya faɗi da baki, ya rubuta, sannan mu nuna masa gyara. Haka darasin Yarabanci, wanda dokar jihar Legas ta 2018 ta wajabta a makarantu. Maimakon ya kwafi na abokinsa, a roƙi maƙwabci Bayarabe ya zauna ya karanta da shi.

Na huɗu, tambayar jarrabawar da ake cikin yi ko gwajin aji, babu mai taɓa ta, ko ɗan wane ne.

Na biyar, ban da tsawa da gori. Yaron da aka ce masa daƙiƙi yau, gobe ba zai kawo tambaya ba, zai je ya kwafa a ɓoye.

Wani zai ce ina lokaci, ga gajiyar kasuwa, ga rashin wuta, kuma idan yaro ya je ba jinga zai sha bulala. Gaskiya ne. Amma gara ya kai rabi da ya yi da kansa, uba ko uwa su sanar da malami inda abin ya gagare shi. Malamin kirki wannan yake so ya ji. Minti ashirin bayan magariba kuma ba za su gagare mu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.