Gyaran tsohuwar jitar lantarki: kada a fara da sauya kusoshin ɗauri

A shekarar 2008 wani matashi Buzu ɗan Nijar, Mdou Moctar, ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato. Waƙoƙin sun bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, yau kuma yana kiɗa a Turai da Amurka. Jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

Saboda haka matashin da ke Jega ko Maiyama, ko ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da ya samu tsohuwar Squier ko Yamaha Pacifica ta gwanjo, ba shi da dalilin raina ta. Damuwarsa dai ɗaya ce: yana ɗaure tsirkiyoyin, ya yi kiɗan minti biyar, sauti ya karkace. Da ya hau YouTube sai a ce masa ya sauya kusoshin ɗauri, wato ƙarafunan nan shida da ake murɗawa a kan jitar. Shawarar ta dace da wanda shagon kayan kiɗa ke bayan gidansa. Ga wanda zai yi oda da dala ya jira makonni, wannan shi ne abu na kusan ƙarshe da ya kamata ya kashe wa kuɗi.

Dalili kuwa, a cikin kowace kusa akwai giya mai kama da sukuru da ke juya wani ɗan faifai mai haƙora. Hannu na iya juya ta, amma jan tsirkiya ba ya iya mayar da ita baya, ko da mai araha ce. In ba haƙoranta ne suka cinye ba, da wuya a ce laifinta ne.

Wayar hannu ta isa ta tona mai laifin. A sauke manhajar daidaita sauti irin su GuitarTuna, a ɗaure tsirkiya har manhajar ta nuna daidai, sannan a danna tsirkiyar ta bayan mazauninta, wato ɗan farin abin nan mai tsaga shida da ke tsakanin wuya da kan jita. Idan sautin ya hau ya ƙi saukowa, tsirkiya ce ke maƙalewa a tsagar. Haka nan idan ana jin wani ɗan ƙas lokacin murɗawa. Maganinsa bakin fensir: a goga shi cikin tsagar don tsirkiya ta riƙa zamewa. Sai a duba naɗin, domin zagaye biyu zuwa uku a jere sun isa, ba tulin da ya hau kan juna ba. A ja sabuwar tsirkiya a hankali ta miƙe, kuma a riƙa hawa zuwa sautin da ake so daga ƙasa, ba a sauko masa daga sama ba.

Akwai kuma abin da masu bidiyon Turai ba sa lissafi da shi: hunturu. Katako na ƙanƙancewa idan iska ta bushe, sai notuna da sukurorin da ke riƙe da kusoshin su saki, wuyan ma ya ɗan sauya lanƙwasa. Jitar da ta zauna lafiya da damina na iya fara wasa a watan Janairu. Ƙaramar sufana da sukundireba sun isa, amma a ɗaure a hankali, kada katakon ya tsage.

Kuɗin da aka tsira da su sun fi amfani a ɓangaren lantarki. Soket ɗin da ake cusa waya da maɓallan ƙara da ƙura ta cika su ne ke kawo ƙarar ƙarrr da yankewar sauti, kuma duk mai gyaran waya ko rediyo da ya iya liƙa dalma zai iya aikin. A dai kula da lamba: 250k ga siraran maganaɗisun ɗaukar sauti, 500k ga masu faɗi. Idan kuwa mutum na jin tsirkiya na ɗan jan hannunsa an jona amfilifaya a janareta, ya ajiye jitar nan take a duba amfilifayar da wayar ƙasa. Wannan ba batun daɗin kiɗa ba ne, rai ne.

Ba a ce sababbin kusoshi ba su da rana ba. Wadda ta lanƙwashe, ko take juyawa ba ta ja, sauyawa kawai za a yi. Masu giya 18:1 sun fi masu 14:1 sauƙin kamo sauti daidai, masu kulle tsirkiya kuma suna rage wahalar naɗi. Sai dai kafin a danna oda a cire guda ɗaya a auna ramin. Na tsohon yayi bai kai milimita 9 ba, na zamani 10 ne, kuma wurin sukuru ya bambanta. Wanda ya yi garaje zai ƙare a wurin kafinta ana faɗaɗa masa rami, aikin da ba ya komawa baya. A kuma tabbatar ko jere shida ne a gefe ɗaya, ko uku-uku, ko na bahago.

Sauya maganaɗisun ɗaukar sauti shi ne na ƙarshe a layi, shi ma sai in akwai amfilifayar da za ta nuna bambancin. Ta ƙaramar sifika mai caji, mai tsada da mai araha kusan duk ɗaya za a ji su.